Kawuna Mai Tsince Haruffa Daga Juji

Ranar da muka kai kawuna makwancinsa, mutane iri biyu suka cika ƙofar gidansa a Wurno, kowane iri ya zauna gefensa. A kan tabarmin zaure akwai malamai da dattawan unguwa, 'yan'uwansa na jini da na karatu. A waje, gindin bedi, akwai masu injin casar shinkafa daga Goronyo, da direbobin tifa, da masu baro, da wani mai facin taya daga Rabah wanda ya taho da baƙin mai a hannu bai tsaya wankewa ba. Cikin gida kuwa, matan da ke tsintar shara a filinsa sun fi dangi kuka. Dukanmu na Allah ne, can muka nufa. Kawu dai ya riga mu isa.

Ni ke zagawa da buta ina ba baƙi ruwa, don haka kunnena ya kwashi maganar kowane ɓangare. Wani mai inji yana ce wa na kusa da shi, "Kahin tsohon ga ya hwara aiko mota, buntu ya kusa binne min inji. Wuta nika sa mai, ta yi wata tana ci, maƙwabta na zagina." Wani direba ya ce shi abin da ba zai manta ba, kawu bai taɓa barinsa ya tayar da mota da yunwa ba. Daga cikin gida na jiyo wata tsohuwa cikin masu tsinta tana faɗa wa innata, "Shi ɗai na ka gaishe mu kahin ya dubi aikinmu."

A zaure kuwa wata magana daban na ji. Wani dattijo ya shafa addu'a ya ce, "Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki na. In ba don abin nan da ya hwaru ba, da babu tabo ko ɗaya ga rigatai."

Na kusa da shi ya ce, "A bar tone-tone, malam. Mai ƙahwa huɗu ma ya hwaɗi, balle mai biyu."

Butar ta yi mini nauyi. Abin nan da suke nufi, ba kawu ya yi shi ba. Ni na yi shi, shi ya ɗauka ya rataya a wuyansa har kabari, ni kuwa ga ni tsaye ina zuba wa mutane ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, ban iya jera magana irin ta masu littafi ba. Amma in ban rubuta ba, za a ci gaba da tuna shi da laifina.

Kawu yayan innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Shi ma ya sauke, ya taɓa littattafai gwargwado, har ya zama shi ake turawa gaba a masallacin unguwarmu duk ranar da liman ba ya nan. Amma ba da karatu ya ci abinci ba. Da ruwan dam ya fara isowa gonakin rani, sai ya sami aikin tsaron ƙofofin kanal, ya buɗe wa wannan layi ruwa, ya rufe wa wancan. A nan ya ƙulla gaba da leda. Kullum da safe sai ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙugu yana zaro ledoji da tsummoki da robobi daga bakin ƙofa, in ba haka ba mai albasar ƙarshen layi ba zai ga ko ɗigo ba. Yakan ce, "Da can abin da mutum ya yar, ƙasa na cinye shi. Yanzu mun koyi yin abin da ƙasa ba ta iya haɗiyewa."

Ga kuma buntu, ɓawon shinkafa. Shinkafa ta yawaita, injinan casa suka yawaita, bayan kowane inji sai ka ga tudun buntu ya fi ɗaki tsawo. Dabba ba ta son shi, gona ba ta saurin cinsa, in an cinna masa wuta sai ta shige ciki ta yi ta ci a ɓoye tana turnuƙe unguwa.

Bayan ya ajiye aikin kanal, wata rana ya shiga motar Sakkwato ya zauna kusa da wani ma'aikacin kamfanin siminti. Mutumin ya ba shi labarin murhun da suke gasa dutse a ciki, wani dogon bututun ƙarfe mai juyawa, wanda wutarsa ba ta mutuwa. Ya ce baƙin mai da kwal yake ci, amma yanzu suna rage su da buntu da leda da tsofaffin tayoyi da garin katako, in dai sun bushe kuma babu ƙarfe ko dutse a ciki. Kawu ya bar abin da ya kai shi birni ya bi mutumin har ƙofar kamfani. Aka haɗa shi da wani injiniya, ya yi masa tambayoyi har injiniyan ya jawo kujera. Ta ƙarshe ita ce, "To tokar hwa, ina kuka kai ta?" Injiniya ya ce babu tokar da ke saura, duk narkewa take ta shiga cikin simintin.

Da ya dawo ya ce zai mayar da gonarsa ta gado, wadda ke kan hanyar fadama, wurin tara shara, innata ce ta fara tare shi.

"Yaya, jikan malamai, da hurhurarka, ka koma tonon juji? Mi za mu ce ma surukai?"

"Ki ce musu tsabta cikon addini ta."

"Tsabtar jikinka anka ce, ba ka kwaso ƙazantar gari ka jibge cikin gonar ubanmu ba!"

Wata guda ta daina aika masa fura. Shi kuwa kullum bayan ya fito masallaci sai ya biyo ta gidanmu, ya tsaya bakin ɗakinta ya yi sallama, ba ya motsawa sai ta amsa. Ran nan ta leƙo ta ce, "Kai dai ba ka da zuciya." Ya ce, "Ina da ita, na bar ta gida don kar ta ji abin da za ki hwaɗa." Dariya ta ƙwace mata, faɗa ya ƙare.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sharaɗin da aka gina aikin a kansa, kawu ne ya kawo shi da bakinsa. Ya tara liman da dattawa ya ce, "Akwai abin da kamfani ba su tambaya ba, amma ni ya hana ni sukuni. Cikin sharar garin ga akwai takardu masu sunan Allah: shahin littahin yara, kalanda mai aya, tsohuwar laya. An ce min toka na shiga siminti. Siminti kau ana daɓen masai da shi, ana taka shi da takalmi. Na yi alkawari ko harahi ɗaya ba shi shiga motata."

Liman ya ce, "To ka ji da kyau. Alkawarin ga naka na, ba na kamfani ba. Kai za mu tambaya."

Ga yadda ake aikin. Buntu da garin katako da tayoyi gefensu daban, ba su da wata matsala sai tsaron ruwa da wuta. Sharar gari kuwa, in masu baro sun kawo, sai a baza ta da manjagara, ta sha rana kwana biyu. Sannan mata su jeru su bi ta a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa. Zagayen farko a fitar da ƙarfe da kwalba da dutse da batir. Na biyu a fitar da toka da duk abin da ke da danshi, domin tokar murhu takan zo da garwashi a ɓoye. Na uku kuwa na kawu ne shi kaɗai. Sai ya yi alwala, ya ɗauki wata farar kwalla mai murfi, ya bi layi-layi yana ɗaga kowace takarda. Ranar Juma'a da hantsi ya ƙona abin da ya tara a kan yashi mai tsabta, ya kai tokar gulbi.

Ni na shigo aikin da girmana, da mata da 'ya'ya. Na gwada noman albasa ta ruɓe mini, na gwada acaɓa na karye a ƙafa, sai innata ta kai ni wurin yayanta ta ce ya riƙe. Ya ba ni lodi da hulɗa da direbobi. Babban ɗansa, taubashina, wanda ke koyarwa a Sakkwato, duk zuwansa sai ya toshe hanci tun daga nesa ya ce, "Ranka shi daɗe, Wazirin Juji! Yau wane ƙamshi anka turara?" Ni kuma in ce, "Matso in shahwa maka, malamin alli, ko ka samu mai sonka."

Ni ma nakan tsokani kawu. Kayan kanti da yawa suna zuwa da rubutun Larabci a jikinsu, shi kuwa da farko duk tsincewa yake. Na ce, "Kawu, wanga hwa kwalin taliya na. Taliya ma sai an kai ta gulbi?" Har gaban liman maganar ta je, liman ya yi murmushi ya ce sunan kaya da na masu yinsa ba laifi su tafi. Kawu ya karɓa, amma ya ce, "To, sai dai a ɗaga a duba, a tabbata kwali na." Bai taɓa wuce takarda don ya zaci ya san abin da ke cikinta ba.

Akwai ranar da fasasshiyar kwalba ta yanke tsohuwar nan mai tsinta a tafin ƙafa, jini kamar an yanka kaza. Babu babur kusa. Kawu ya zazzage baro, ya shimfiɗa rawaninsa a ciki, ya sa mata suka ɗora ta, ya tura da kansa ta tsakiyar kasuwa har asibiti. Mahauta suna ihu, "Malam, nawa kaka sai da kayan?" Yana haki yana cewa, "Ku ba ni hanya, wanga ya hi ƙarhinku." Washegari ya sayo wa kowace mai tsinta takalmin roba mai kauri, ya ce wadda ta zo ba shi ta koma gida.

Yanzu sai nawa.

Bazara ce, ana ta sauri a kwashe abin da ya bushe kafin ruwa ya sauka. Kawu ya tafi garin Rara sunan jikarsa, zai kwana uku. Ashe a makon nan gara ta ci ɗakin ajiyar wata makarantar Islamiyya, wanda aka sa shara ya haɗa komai ya kai jujin kasuwa, masu baro suka kwaso mana. Mata sun yi zagaye biyu. Saura na kawu.

Sai ga mota ta iso kwana ɗaya kafin ranarta. Direba ya ce in ba a loda masa yanzu ba zai wuce Goronyo ya ɗauki buntu, ba zai dawo ba sai wani mako. Na dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Na san in ruwa ya taɓa sharar nan, sai mun sake shanya daga farko. Kuma, in faɗi gaskiya, ina son kawu ya dawo ya tarar na iya aikin ba shi.

Na ce a loda.

Tsohuwar nan ta ɗingiso ta ce, "Ɗana, ba a yi zagayen malam ba."

Na ce, "Na yi shi tun da sassahe, inna, kahin ku zo."

Ƙarya nake. Ta dube ni, ta koma inuwa.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce sakaci ne. Amma ina cikin lodi, na ɗago shebur, na ga takarda a kai, rabinta ya ɓaci da ruwan tumatir. Tana da zanen gefe, haruffanta suna da wasali sama da ƙasa. Na yi makarantar allo. Na san kwalin taliya ba ya da wasali. Na ce wa raina kwali ne. Na watsa ta cikin mota, na ɗebo wani shebur na rufe.

Wajen Marnona igiyar tampol ta kwance, iska ta yi ta kwasar takardu tana watsawa gefen hanya. Wani mai babur da ke tahowa Wurno ya tsaya ya tsinci guda huɗu, ya karanta, ya sa a cikin hularsa ya kawo wa liman. Washegari kawu yana sauka daga mota aka ce ana kiransa. Na bi bayansa.

An shimfiɗa takardun a kan buzu, dattawa sun kewaye su. Liman ya ce, "Malam, waɗanga daga motarka sunka hito?"

Kawu ya durƙusa ya daɗe yana dubansu. Bai waiwayo ni ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Daga motata sunka hito."

"An ce ba ka gari. Wa ya yi sakacin?"

"Wanda ya yi alkawari."

"Ba mu tambaye ka wasa ba."

"Ni ma ba wasa nika yi ba, liman. Kun ce ni za ku tambaya. Ga ni."

Ina tsugune bakin ƙofa, da bakina, da harshena lafiya lau. Ban ce komai ba.

Daga zauren bai shiga gida ba. Muka hau mota zuwa Sakkwato, ya roƙi injiniyan nan a dakatar da kayanmu. Allah ya sa an juye su a fili amma ba a kai ga injin da ke daddatsa su ba. Injiniyan ba mutumin ƙasarmu ba ne, ban tabbata ya gane dalilin ba, amma ya dubi fuskar kawu ya sa aka kewaye tulin da igiya, ya ce kada mai lodi ya taɓa. Kwana uku muna baza mota guda da hannu a cikin rana, ma'aikata suna wucewa suna kallon tsoho mai farin gemu a durƙushe. Sau biyu kwallar tana cika. A hanyar dawowa muka sauka Marnona, muka bi gefen titi da ƙafa muna ciro takardu daga jikin ƙaya da kunyoyin gonaki.

A nan, gindin wata aduwa, na ce, "Kawu, ranar nan da mota ta zo..."

Ya katse ni. "Kana da ɗiya mata ukku da ba su yi aure ba. Ni nawa duk sun tahi gidajensu. Duba can, ga wata ta maƙale."

Na je na ciro ta. Ya sani ke nan. Ni kuwa na mayar da maganarsa bargo na lulluɓa da ita shekara da shekaru. Duk lokacin da zuciyata ta motsa sai in ce ai shi ya hana ni.

Bayan mako guda liman ya yi tafiya. Aka tayar da iƙamar azahar, kawu ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba kamar yadda ya saba. Sai wani dattijo, abokin karatunsa tun suna yara, ya riƙe masa hannun riga, ya tura wani. Kawu ya ja da baya ya shiga sahu ya yi sallarsa. Daga ranar ya koma tsayawa ƙarshen sahu, wajen da ake tuɓe takalma, kuma bai sake jan salla ba har ya bar duniya. Ni ina sahu na biyu, shi yana can bayana.

Aka hana masu baro kawo mana sharar gari, muka koma buntu da taya kaɗai. Kafin rani ya raba, leda ta toshe ƙofofin kanal, manoman ƙarshen layi suka je wurin liman da kansu suka roƙa, aka mayar mana. Kawu ya ci gaba da zagayensa kamar babu abin da ya faru. Bai canza mini fuska ba, bai rage mini komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba, ana tsakiyar cirar albasa.

Ranar sadakar uku taubashina ya kira ni bayan gida. Babu Wazirin Juji, babu toshe hanci. Ya ce, "Hilin ga shi ya ci mutuncin ubana. In an share makoki zan sa a kwashe komi a shuka gero." A ranar kuma liman ya ce alkawari ya bi mai shi, in za a ci gaba sai wani ya fito ya ɗauka da bakinsa. Kowa ya dube ni, don ni na fi daɗewa tare da shi.

Na ga hanya biyu. In yi shiru, in lallashi taubashina, in ɗauki alkawarin, in gaji filin da sunan mai amana, kawu kuma ya zauna da tabonsa. Ko in faɗa, in wanke shi, wataƙila a rufe filin, matan nan su rasa abin yi, leda ta koma kanal, ni kuma a san ni da abin da nake.

Innata na fara gaya wa, da hantsi, tana tsince wake. Ta ajiye faifan. Sannan ta ce, "Kai ka bar yayana ya tsuhwa gehen takalma?"

Na ce, "Shi ya hana ni, inna, saboda yaran."

"Shi ya yi nashi, na mutanen kirki. Kai mi ka yi? Tashi ka tahi ka hwaɗa inda anka ja rigatai. Ɗiyanka Allah ya san mazansu."

Ranar bakwai, bayan an sallame la'asar, kafin mutane su miƙe, na tashi tsaye a masallacin. Na faɗi komai yadda na rubuta shi a nan: ƙaryar da na yi wa tsohuwa, takardar da na gani a kan shebur, wasalin da na gane, shirun da na yi a zaure. Na ce kawu yana Rara, bai san an loda ba. Na ce duk wanda ya taɓa riƙe shi da wannan abu a zuciya ya sauke masa ya ɗora mini.

Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi, kuma kana kallo?" Na ce ina kallo. Taubashina ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita bai dube ni ba.

Sai dattijon nan da ya riƙe hannun rigar kawu ya yi magana, muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "Kai ka samu inda ka kai naka. Ni hwa? Tare munka yi allo da shi. Ban tambaye shi ba, ban je gidanai ba, hannu kawai na sa. Ina zan same shi yanzu?"

Liman ya ce a yi wa mamaci addu'a, aka yi, aka watse.

Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Akwai waɗanda suka daina miƙo mini hannu. Mutanen da suka fara neman babbar 'yata sun yi shiru, har yau ba su sake aikowa ba, kuma ita ta san dalili. Na je na durƙusa gaban tsohuwar da na yi wa ƙarya, ta ce ta yafe, amma ta ce tun ranar ta sani, kuma ita ma shirunta yana damunta.

Bayan kwana biyu aka kira ni zauren liman. Taubashina yana nan. Ya yi magana yana kallon tabarma. "Ba ni ruhe hilin. In na ruhe, an ce ubana ya ƙare rayuwatai ga aikin banza. Amma wanga ba shi ɗaukar alkawarin ubana. A samo wani."

Liman ya ce, "Ka ji. Kana da magana?"

Na ce ba ni da ita. A bar ni da manjagara da shebur, ya ishe ni.

"To wa za ya ɗauka?"

Kowa ya koma duban farar rigarsa. Ni na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa matan nan su nemi wani abin. Sai dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Ni."

Liman ya ce, "Malam, da shekarunka? Rana ta hwa, da wari."

"Shi da ya yi, yaro na?"

Washegari da hantsi ina baza shara sai ga shi tafe da sanda da buta. Mutumin da ko hanyar filin ba ya bi, don kada iska ta kwaso masa. Ya gaida matan ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya yi alwala, ya naɗe hannun riga. Na kawo masa kwallar. Ya ce, "Daga ina shika hwarawa?" Na nuna masa kusurwar gabas. Ya sunkuya, ya ɗaga takardar farko, ya kai ta kusa da ido, ya juya bayanta, ya ajiye. Ya ɗaga ta biyu.

Ba shi da saurin kawu. Abin da kawu ke gamawa kafin azahar, shi sai la'asar. Motar farko ta jira shi wuni guda, direba yana ta danna oda, na je na ce masa ko ya jira ko ya tafi wayam, ba a loda ko shebur ɗaya sai malam ya ɗaga hannu. Ya jira. Da injiniya ya bugo waya yana tambayar abin da ya sa kayanmu suka ragu, na ce masa za su riƙa zuwa a hankali, amma za su zo. Na kuma je Goronyo da Rabah na gaya wa masu inji da masu taya cewa filin yana nan, kada wanda ya sake cinna wa buntunsa wuta.

Ya Allah, bawanka ya tsince sunanka daga cikin ƙazanta da hannunsa, ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri. Ka tsince shi daga cikin masu laifi, ka rufa masa nasa, ka yalwata masa kabari, ka tsayar da shi sahun gaba. Mu da muka rage, ka ba bayanmu ƙarfin sunkuyawa. Gobe akwai shara baro tara daga kasuwa, kuma malam ya ce in baza ta da wuri, idonsa ya fi gani da safe.